Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Kano

A Kano aka fara cin kasuwa da ni. Ina sauka daga motar Katsina wani mai gwanjo ya dubi ɗaurin ɗankwalina, ya ce, "Hajiya, daga Nijar?" Na ce daga can. Ya ce ina zuwa? Na ce Jos. Sai ya dafe ƙirji kamar na ce masa lahira za ni. Ya rantse mini sanyin Jos har miya yake daskararwa a tukunya, sannan ya zaro wata jibgegiyar riga mai gashi a wuya, ya ce in na tafi ban saya ba kada in kuka da kowa. Na saya. Ni 'yar rana ce, cikin rairayi aka haife ni, babu abin da nake tsoro a duniya kamar sanyi, sai ko kare.

Sunana Salamatu. Ungozoma ce ni a wani ƙaramin gidan likita na ƙauye, arewa da Tasawa. Muna da gado, muna da ma'auni, muna da ni, amma ba mu da wurin gwajin jini. In mai ciki ta zo mini tana haki, sai dai in ja fatar idonta in duba, in yi hasashe. Mai son tabbaci sai ta hau amalanke zuwa gari, su kuwa matanmu ba sa hawa sai abu ya ɓaci. Haka ƙanwata Hassana ta tafi. Jininta ya yi ƙasa ba wanda ya san iyakarsa, ranar haihuwa ta zubar da ɗan abin da ya rage, ta cika a kan hanya.

Shi ya sa da babban likitanmu ya ce wasu masu bincike a Jos suna neman ungozoma ta yi musu aikin 'yan watanni, wai suna koya wa wayar hannu ta auna jinin mutum daga hoton farcensa, ba allura ba kwalba, ban tsaya shawara ba. Na gaya wa Inna, mahaifiyarmu, da wannan abin zan dawo. Na gaya wa matan ƙauye ma, don bakina ba ya riƙe magana. Ke nan tun kafin in ga Jos na riga na ɗaure kaina: ko in dawo da shi, ko in dawo da kunya.

Saminaka

Direban da ya ɗauke mu a Kano ya ce Jos kai tsaye. Babu wurin ajiye rigar gashin, don haka na sa ta, na zauna ina zuba gumi. A gefena wata matashiya ce mai tsohon ciki, ta rungume ledojin yadi da atamfa, lokaci-lokaci ta saci kallona ta juya kai tana danne dariya.

Da muka wuce dajin Falgore muka iso Saminaka, sai direba ya ce mota ta samu matsala, kowa ya sauka. Muna sauka na ga yana cusa fasinjojin Kano a cikin motar da ya ce ta lalace. Mu kuma aka nuna mana wata da ta riga ta cika da buhunan masara, mai ita yana cewa sai mun biya sabon kuɗi. Ni ban san ma abin da ake ciki ba.

"Sayar da mu ya yi, Anti," in ji mai cikin. "Riƙe mini wannan."

Ta danƙa mini ledojinta, ta taka a hankali, ta je ta zauna a kan gaban motar direbanmu, ta harɗe hannu.

"Malam, ka ga cikin nan? To, in ka isa ka tayar da motar. Jos ka ce, Jos za ka kai mu, ko ka biya wanda zai kai mu."

Mutane suka taru, 'yan tasha suka zo, direba ya yi rantsuwa ya yi borin kunya, ƙarshe dai ya biya. Da muka samu wuri a kan buhunan masara sai ta dube ni, ta saki dariyar da take riƙewa tun Kano.

"Anti, don Allah cire wannan tunkiyar da kika saka. Wallahi tun ɗazu nake tausayinki."

Sunanta Jummai, tela ce a Anguwan Rogo, cikin garin Jos. Kafin mu hau tudun Jos ta san sunan Inna, ta san labarin Hassana, na ci rabin gyaɗarta. Da za mu rabu ta karɓi wayata ta sa lambarta da kanta.

Farin Gada

Tun ina gida na biya wani dillali ta waya kuɗin ɗaki a wajen Farin Gada, wata unguwa a Jos. Na je da la'asar na ƙwanƙwasa, sai ga wani bawan Allah ya buɗe da jariri a kafaɗa, ya ce shi shekararsa nawa a ɗakin nan, kuma ni ce ta uku da aka turo masa. Na kira dillali, waya a kashe. Ina tsaye da jakata sai sama ta buɗe, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har da ƙanƙara tana bugun kwano. Rigar gashin ta sha ruwa ta yi nauyin ɗan maraƙi. A nan na yi kukana na farko a Najeriya, na kuma yi shi da ƙarfi, don ruwa ya hana kowa ji.

Da na gaji na kira Jummai. Ba ta bar ni na gama bayani ba. Ta turo mijinta, Malam Sabo, mahauci a mayankar da ake kira Abattoir, dogon mutum mai ƙarancin magana, ya kwashe ni a keke mai ƙafa uku. Suka ba ni ɗakin da ke bayan shagon ɗinkinta. Jummai ta ajiye mini kwanon gwaten acca mai zafi, abincin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Ci, Anti. In kin ƙoshi sai mu zagi dillalin tare." Muka kuwa zage shi tas.

Ofis

Shugaban binciken Dokta Pam ne, mutumin Filato, mai furfura da yawan dariya. Amma wadda ke koyar da na'urar wata budurwa ce 'yar siririya, Kaneng, kullum da rigar sanyi da kofin shayi. Ni da Faransanci na yi karatu, su da Turanci, sai Hausa ta zama gadarmu. Hausar Kaneng kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, har ni.

"Anti, kalla nan," ta ce ranar farko. "Ana ce masa ƙirƙirarriyar basira, amma ka ɗauka yaro ne. Ka nuna masa farce, ka ce jinin wannan ya kai kaza. Ka nuna masa wani, ka gaya masa. Ka yi ta nunawa har ya fara ganewa da kansa. In ka koya masa shirme, shirme zai ba ka."

Aikina shi ne in zauna a wurin awon ciki, in nemi izinin mace, in ɗauki hoton faratanta, sannan a ɗebi jininta a gwada a ɗakin gwaji. Hoton da sakamakon duka su tafi wurin Kaneng. Da farko an kai ni wani asibiti a kudancin gari, inda yawancin matan manoma ne da 'yan kasuwa, Kiristoci. Suna ce mini Madam Nijar, suna kawo mini dankalin Turawa da karas, wata har ta ce in zo cocinsu in ji waƙa ko ban yi addu'a ba.

Ranar da aka bar ni na gwada manhajar da hannuna ba zan manta ba. Wayar takan nuna kore in jini ya isa, ja in ya yi ƙasa. Na ɗauki hoton wata mata da ni kaina ban zargi komai a jikinta ba, waya ta nuna ja. Aka kawo sakamakon ɗakin gwaji, ya ce haka ne. Na miƙe a gaban mutane na rangaɗa guɗa, har Dokta Pam ya leƙo yana tambaya wa ya haihu.

Da na ba da labari a gida, Jummai ta ce, "Wannan ai boka ne." Shi ke nan sunan ya bi shi. Duk Anguwan Rogo ba a ce masa komai sai Bokan Anti.

Ban ce kullum daɗi ba ne. Na yi kewar gida har tana sa ni ciwon kai. Na yi kewar furarmu mai kauri, da ƙamshin rairayi da hantsi, da zafin da ke ratsa ƙashi. A Jos ko rana ta fito sai ka ga kamar aro aka yi. In na kira Inna tambayarta ɗaya ce: "Abin ya samu?" In ce ya kusa.

Dilimi

Da aka mayar da ni wani asibiti kusa da Dilimi, inda matan Hausawa ke zuwa awo, murnata ta koma ciki. Mace ta farko ta miƙo hannu, jan lalle har wuyan hannu, farata sun rine. Ma'aikaciyar da ke taimaka mini ta ce, "Wannan a tsallake ta." Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kafin azahar na ga waɗanda muka tsallake sun fi waɗanda muka ɗauka.

Na tafi ofis kaina ya ɗau zafi.

"Dokta, me ya sa ake tsallake masu lalle?"

Ya cire tabarau, ya ce, "Zauna, Malama Salamatu. Mun gwada. In ya ga jan lalle sai ya ɗauka jini ne ya cika, ya nuna kore. Wannan ya fi rashin gwaji haɗari. Za mu sa gargaɗi: ban da hannu mai lalle."

"Dokta, a ƙauyenmu macen da ba ta da lalle a hannu, ko dai takaba take yi ko ba ta da lafiya. Mai ciki kuwa, in wata ya kusa, ƙunshi ake yi mata na musamman. In ka sa gargaɗin nan, me zan kai gida?"

Bai yi mini gardama ba. Ya ce ya san da haka, abin yana damunsa, in na samo hanya shi ne farkon mai murna. Na ce a koma duba fatar ido. Kaneng ta ce wannan sabon aiki ne daga tushe, ba zai ƙare kafin in tafi ba, kuma masu lallen ai su ne masu kwalli. Ta yi mini alheri dai, ta sake gwada koya wa Boka da hotunan masu lalle. Bayan kwanaki ta kira ni, ta juyo mini da kwamfuta.

"Sori, Anti. Lalle ya rufe farcen gaba ɗaya. Abin da bai gani ba, ba zai koya ba."

Na roƙi mata su daina ƙunshi in suna da ciki. Suka dube ni kamar na ce su daina wanka. Ban ga laifinsu ba, ni kaina da Inna ta ji na faɗi haka da ta ce Jos ta taɓa mini kai. Ranar da ta sake tambaya ko abin ya samu, na ce layi ba kyau, na kashe waya.

Anguwan Rogo

Ana cikin haka bikin ƙanwar Malam Sabo ya taso. Ɗinkin anko ya yi wa Jummai yawa, daga safe har yamma ƙafarta na kan keken ɗinki. Na lura tana tsayawa tana haki, in ta miƙe sai ta dafa bango. Na ce ta je awo. Ta ce layin asibiti yini guda yake ci, kuma ita da allura sai dai ta ɗinki.

"Matar mahauci ce fa ni, Anti. Hanta nake ci kamar gyaɗa. Ina jini zai je?"

Ƙarya take, ni na san tun da cikin ya tsufa ko warin nama ba ta so.

Kwana biyu kafin biki aka yi wa matan gida ƙunshi. Washegari na same ta ta kifa kai a kan keke. Na ce yau ko da ɗauka sai an kai ta. Sai ta miƙo mini hannu, ja jawur.

"To, kira Bokanki ya raba mu. In ya ce ja, zan je."

Na ce ba ya gani ta cikin lalle. Ta ce ashe tsoro nake ji. Ta fizgi wayar, ta ɗauka da kanta, don ta sha ganin yadda nake yi. Boka ya nuna kore shar. Jummai ta ɗaga wayar tana nuna wa matan tsakar gida, ana tafi ana shewa.

Na kama fuskarta na ja fatar idonta. Fari fat. Na taɓa ganin irin wannan farin, a idon Hassana.

"Jummai, ƙarya yake yi. Lallen yake gani."

"Haba Anti! Ba ke kika ce ya fi idon mutum ba? Yau da ya goyi bayana ne ya zama maƙaryaci?"

Ina riƙe da hannunta na hagu ina roƙonta, sai na ji filasta a ƙaramin yatsanta. Almakashi ne ya yanke ta a gaɓa ana gobe ƙunshi, ta naɗe yatsan gaba ɗaya, mai lalle ta tsallake shi. Na ɓare filastar a hankali. Ciwon ya kama warkewa, farcen kuma yana nan tas, ko ɗigon lalle babu.

Boka ya saba ganin farata huɗu a jere, ban sani ba ko zai yarda da ɗaya. Na ɗauki ƙyallen farin yadi daga ƙasan keke na rufe sauran yatsun, na ja ta bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauka. Ya daɗe yana juyi. Sannan ya nuna ja.

Jummai ta dubi wayar, ta dubi yatsanta, ta ce a hankali, "A kira Baban Ummi." Haka take kiran mijinta. Ni ungozoma na yi mako ina magana ba ta ji ba, waya ta faɗa sau ɗaya ta ɗauki mayafi. Na ji haushi, amma haushin da na fi jin daɗinsa ke nan a rayuwata.

A asibiti gwaji ya tabbatar, aka ce sai an yi mata ƙarin jini kafin haihuwa. Malam Sabo ya fita. Can sai ga shi da mahautan Abattoir cike da keke biyu, kowa yana naɗe hannun riga. Wani ƙato a cikinsu, wanda aka ce shi kaɗai yake kayar da sa, yana ganin allura ya sulale ƙasa. Jummai tana kwance tana dariya har da hawaye. An yi biki ba ita, amma an yi shi da farin ciki.

Gidan Talatu

Da safe na isa ofis kafin mai shara. Kaneng ta saurare ni, idonta na ƙyalli, amma ta ce, "Anti, mutum ɗaya ba bincike ba ne. Zai iya zama sa'a. Sai ka kawo mini mata da yawa, hannu da lalle, yatsa ɗaya babu, kowa da gwajin jininsa. In koya masa ya kalli wannan yatsan kawai, ya manta da sauran."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Yatsa ɗaya fa! Ashe ban san mutanena ba. Wata ta ce za a ce kuɗin lallenta ne bai kai ba. Wata ta ce dangin miji za su sa ta a waƙa. Kowa dai ta ce in Hajiya Talatu ta yarda, ita ma ta yarda.

Hajiya Talatu ita ce mai ƙunshin unguwar, mace mai jiki da haƙorin Makka, wadda amare ke bin layi a zaurenta. Na je na gaishe ta, na yi bayani tiryan-tiryan. Ta bar ni na gama.

"Baiwar Allah, ke a garinku haka ake yi? Mace ta fita daga gidana da yatsa tsirara, a ce wa ya yi miki, ta ce Talatu? Sunana kike so ki kashe?"

Na koma gida. Da aka sallamo Jummai na ba ta labari, sai ta ce in bar ta da ita. Ta sa aka kai ta gidan a keke, ni ina biye. Ba ta roƙi komai ba. Ta zauna ta ba da labarin filasta daga farko har ƙarshe, a gaban amare da masu jiran layi, sannan ta ce, "Hajiya, yatsan da kika tsallake shi ya cece ni. Na zo godiya ne. Amma Anti ta ce wai a Kano akwai mai ƙunshin da za ta iya mayar da shi ado. Na ce mata a Jos dai ban sani ba."

Ni ban taɓa faɗin haka ba. Na buɗe baki, Jummai ta taka mini ƙafa.

Hajiya Talatu ta ajiye abin zanenta. "Kano? Miƙo hannunki, ke 'yar Nijar."

Ta kama ƙaramin yatsana ta juya shi. Sannan ta zana zobe da baƙin lalle a gindinsa, ta ja wani siririn reshe mai ganye ya hau har gaɓar ƙarshe, ya tsaya cak kafin farce. Sauran yatsun ta rine su ja. Da aka wanke, yatsan nan ya fito kamar shi ne amaryar, sauran 'yan rakiya. Wata amarya da ke jira ta ce ita ma irinsa take so. Hajiya ta ce wannan sabon yayi ne, sunansa tagar likita, kuma kuɗinsa ya fi na sauran. Har yau in na tuna sai na yi dariya: mun zo roƙon a rage lalle, ta rage, ta kuma ƙara kuɗi.

Dokta Pam ya shirya ranar gwaji a zauren Hajiya, da mai ɗibar jini da komai. Kaneng ta ce za ta zo ta ga hasken wurin da idonta, sai dai ita Kirista ce, tun rikicin Jos tana ƙarama rabonta da shiga Anguwan Rogo, kuma mamanta ba za ta so ba. Malam Sabo ya je da kansa har bakin titi ya tarbo ta. Ta shigo a ɗarare, rungume da kwamfuta. Kafin la'asar ta cire takalmi, hannayenta duka biyu a cikin leda an ƙunsa, Jummai na ba ta waina a baki, matan suna koya mata bambancin "ke" da "kai" tana ƙara rikitawa. Ni na yi ta danna mata kwamfutar tana ba ni umarni da haɓa.

Daga nan mata suka yi ta zuwa asibitin Dilimi da tagarsu a yatsa, har da waɗanda ba su da ciki, su dai yayi suke bi. Boka ya yi ta kuskure da farko, jan maƙwabtan yatsu yana ruɗa shi. Kaneng ta yi ta gyara, ta rame, shayinta ya ƙaru. Kwanakina suna ƙarewa, na fara haɗa kaya ba tare da na san abin da zan gaya wa Inna ba. Jummai ta haihu lafiya, namiji, na karɓe shi da hannuna, na yi murna, amma ko a wurin suna rabin hankalina yana ofis.

Ana saura kwana kaɗan in tafi Dokta Pam ya kira ni. Kaneng na tsaye a bayansa tana cizon leɓe. Ya ce sun gwada shi da matan da bai taɓa gani ba, ya yi ƙoƙari daidai da yadda yake yi a hannun da ba lalle. Ya ce bincike bai ƙare ba, Boka ba ɗakin gwaji ba ne, in ya nuna ja a hau amalanke, in ya nuna kore kuma idona ya ce a'a, in bi idona. Amma sun yarda gidan likitanmu ya shiga cikin wuraren gwaji. Ya miƙo mini waya sabuwa a kwali.

Na sake rangaɗa guɗa. Wannan karon bai tambayi wa ya haihu ba. Toshe kunnuwansa kawai ya yi.

Rigar gashin na bar wa Kaneng, ita ce mai jin sanyi. Ta sa ta, ta ɓace a ciki. Hajiya Talatu ta yi mini ƙunshin sallama kyauta, ta ce kada in gaya wa kowa kyauta ne. Jummai ta raka ni tasha da jariri a baya, ta kama direban ta ce masa in ya sayar da ni a Saminaka za ta ji labari.

Gida

Na isa ƙauye da rana tsaka, zafi ya rungume ni, na ce alhamdu lillahi. Inna ta tarbe ni a ƙofar gida. Ita ce mai yi wa matan ƙauyenmu ƙunshi tun kafin a haife ni, don haka kafin ta dubi fuskata hannuna ta duba. Ta yaba zanen, ta juya, sai ta tsaya a kan ƙaramin yatsa.

"Lallen ne ya ƙare musu a Jos ɗin? Zauna in cike miki, kada a gan ki haka."

Na ce ta bari in sha ruwa tukuna. Muka zauna a inuwa, na fito da wayar, na ba ta labarin Jummai da filasta, da kore da ja, da farin da na gani a idonta. Inna ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Da na gama ta kama yatsan nawa ta riƙe, tana shafa farcen da babban yatsanta.

"Ana saura kwana kaɗan ta haihu," ta ce, "ni na yi wa Hassana ƙunshi. Duka goma na rine mata. Ta ce ya yi kyau."

Na ce, "Inna, lokacin ko kin bari babu mai dubawa."

"Na sani," ta ce. Ta share ido da bakin zane, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari da hantsi ina shirin tafiya gidan likita na ji hayaniya a tsakar gida. Matar ƙanena ce, cikinta ya tsufa, an zaunar da ita a tabarma, Inna na ƙunsa mata hannu. Wata maƙwabciya da ke taya ta ta ɗebo lalle za ta ɗora a ƙaramin yatsa. Inna ta buge mata hannu.

"Kul! Wannan na Salamatu ne. Ki bar mata shi ta gani."